Sai mota ta cika: ƙaramin ƙauye da matsalar hanya a jihar Kaduna

Ƙauyen da aka haifi mahaifiyata yana gabas da Zariya, cikin ƙasar da kogin Galma ke bi. Daga bakin titi zuwa cikin garin, idan rani ne, minti ashirin ya ishi mai babur. Idan Agusta ta kama kuwa, ba mai yi maka alkawarin lokaci, sai dai a ce maka "in rafi ya bari". Gidajen garin ba su kai ɗari ba. Akwai firamare mai ajujuwa huɗu, da famfon tuƙa-tuƙa ɗaya, da injin niƙa, da masallacin da ba a Juma'a a cikinsa. Ranar Juma'a sai an taka zuwa garin dagaci.

Daminar bara na je ta'aziyyar wani kawuna. Na sauka a mararraba da hantsi, ɗauke da buhun shinkafa da katan ɗin sabulu, na tarar babu ɗan acaɓa ko ɗaya, duk sun bi 'yan kasuwa. Akwai wata a-kori-kura a gindin mangwaro, direbanta na kishingiɗe a benci. Na yi masa sallama, na tambaye shi ko zai shiga da ni. Ya tashi zaune, ya ɗaga kai ya dubi hadari, sannan ya ce, "Alhaji, ba ƙi na yi ba. In na shiga da kai, wa zan ɗauko in fito? Garin nan sai ranar kasuwa yake cika mota. Sai dai ka ɗauki shata, kuma in na kafe a rafi, kuɗin masu turi yana wuyanka." Abin da ya yanka mini ya zarce abin da na biya tun daga Kawo har mararrabar. Na zauna har azahar kafin wani yaro ya iso da babur.

Na daɗe ina juya maganar direban nan a raina, domin a cikinta aka ƙulle matsalar duka. Mutanen ƙauye suna cewa sun ragu ne saboda babu hanya. Masu rabon aiki a ofis suna cewa babu hanya ne saboda mutanen ba su da yawa. Kowanne ya faɗi gaskiya, kuma kowace shekara da aka yi ana wannan ja-in-ja, garin yana ƙara ramewa.

Duk wanda ya taɓa zama a tashar Kawo ko Kwangila ya san mota ba ta tashi sai ta cika. Direba ba mugunta yake yi ba. Akwai balas da mai mota ke jira da yamma, akwai kamasho, akwai mai, akwai bakanike. A hanyar burji da ta lalace, abin da mota ke ci na taya da sifirin ya ninka na kwalta, man ma ya fi ƙonewa domin tafiyar duk a ƙaramar giya ake yin ta. To idan garin da za a je fasinjansa biyar ne a wuni, sai an daɗe ana jiran lodi. Mai sauri ya gaji ya hau babur, motar ta ƙara rasa mutum, direba ya ga ba riba ya koma wani layin. Daga nan garin ya zama na mota ɗaya a mako, ranar kasuwa, ita ma da asuba za ta fita, da magariba ta dawo, mutane a saman buhuna, awaki a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Babur ne ya toshe wannan giɓin, kuma ba ƙaramin alheri ya yi wa karkara ba. Tun da babura masu araha na Indiya da Sin suka cika kasuwa, ƙauyen da a da sai jaki ko keke ya samu abin hawa da ke bin turbar ƙafa, a ɗaga shi a tsallake rafi da shi. Amma babur mutum biyu ko uku yake ɗauka, buhu ɗaya ko biyu, don haka kuɗin kowane kilomita a kansa ya fi na mota nesa ba kusa ba. Talakan da ya fi kowa nisa shi ne ke biyan sufuri mafi tsada a jihar. Da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A cikin ƙauye kuma babu gidan mai, sai 'yan bumburutu masu sayarwa a kwalba, su ma da tasu ribar a kai. Mutumin birni ya rage zirga-zirga. Mutumin ƙauye ya daina wasu tafiye-tafiyen gaba ɗaya: zuwa awo, zuwa duba mara lafiya, kai yaro jarrabawa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen amfanin gona. Kaduna tana cikin jihohin da suka fi noman masara a ƙasar nan, kuma wanda ya ga kasuwar Saminaka ko Anchau ko Giwa da kaka ya san haka. Amma masarar da ke cika tireloli a waɗannan kasuwanni ba a bakin titi ake noma akasarinta ba. Daga ciki take fitowa, a amalanke, a babur, a motar kanta. Ɗan sarin da ya shiga ƙauye sayen hatsi yana cire kuɗin dako da na wahalarsa daga farashin da zai ba manomi, kuma tunda shi kaɗai ne ya shigo, yadda ya taya haka za a sallama. Taki kuma idan zai shiga, sai an ɗora masa nasa kuɗin dakon. Manomi ɗaya, gona iri ɗaya, amma na ciki ya sayi taki da tsada ya sayar da hatsi da araha.

Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba, wato abin da ba a shuka ba tun farko. A garin su mahaifiyata akwai fadama mai kyau wadda za ta yi tumatir da tattasai da rake. Na tambayi wani ɗan uwana dalilin da ya sa ba ya noman rani sosai, ya ce, "Yaya, tumatir ba ya jiran mota." Masara da dawa da waken suya za su zauna a rumbu wata shida, citta ma idan aka tsaga aka shanya ta, kamar yadda ake yi a Kaciya da Kwoi, tana jira. Kwandon tumatir kuwa kwana biyu ya yi yawa, kuma in ya sha girgiza a bayan babur rabinsa ruwa zai zama. Ashe hanya ce ke zaɓa wa manomi abin da zai shuka. Sai jami'i ya zo ya duba ya ce garin ba shi da wani abin kirki da yake fitarwa da zai sa a kashe masa kuɗi.

Daga nan sai ƙaura ta fara, a hankali, ba tare da kowa ya yi shela ba. Saurayi ya tafi cin rani Kaduna ko Abuja, ya kama acaɓa ko leburanci, shekarar farko ya dawo da ruwan shuka, ta biyu ya aiko da kuɗin taki, ta uku ya sayi fili a bakin titi ya ɗauke matarsa. Gonarsa tana ciki, amma kwanansa yana waje. Tarihin ƙasar nan cike yake da wannan, sunayen garuruwa ma sun isa shaida. Zangon Kataf da Zangon Aya wuraren saukar fatake ne. Tashar Yari da Mararrabar Jos hanya ce ta haife su. Kafanchan ta bunƙasa ne bayan layin dogo na gabas ya iso a 1927 ta zama mahaɗa. Ita kanta Kaduna, dogo da mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru ne suka mai da ita birni. Akwai kuma akasin haka a wannan yanki namu: ƙaramin jirgin da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Bukuru don kwasar kuza, wanda ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama, an rufe shi a 1957. Tsofaffi har yanzu suna nuna inda tasha take. Garin da titin mota ya biyo ta kansa ya ci gaba da rayuwa, wanda ya kauce wa ya koma gefe. Jama'a suna bin hanya kamar yadda ruwa ke bin gangare, saboda haka idan aka ce a jira gari ya cika kafin a yi masa hanya, an juya al'amarin ne kai ƙasa.

Yanzu mu zo kan "yawan jama'a" ɗin da ake kafa hujja da shi. Wa ya ƙirga? Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba jihar Kaduna mutum miliyan 6.1. An shirya wata a 2023 aka ɗage. Yaron da aka haifa a makon da aka yi waccan ƙidayar yau ya isa aure, a ƙauye ma wataƙila ya ajiye iyali. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi uku cikin ɗari a shekara tana ninkuwa a cikin shekara 24 ko kusa da haka, kuma Arewa maso Yamma tana cikin shiyyoyin da suka fi yawan haihuwa a ƙasar. Bayan haka, alƙaluman 2006 da aka fitar wa jama'a sun tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, amma ƙauyuka da unguwanni da rugage dubbai ne. Abin da ake yi shi ne a ɗauki tsohon adadin ƙaramar hukuma a ɗora masa kaso iri ɗaya na ƙaruwa, kamar kowane gari tafiyarsa ɗaya. Alhali wani ya ninka sau uku saboda titi, wani ya zama kufai saboda 'yan bindiga.

Abin mamaki, a zamanin haraji an fi sanin adadin mutanen ƙauye. Mai unguwa yana da sunan kowane baligi, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya miƙa wa hakimi, malamin haraji yana biye da littafinsa. A lokacin ɓoye kai ake yi, ana rage shekarun samari, ana kora shanu daji kafin masu jangali su iso. Gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali bayan hawanta a 1979, kuma talaka ya yi murna da hujja, domin an sha wulaƙanci a kansu. Sai dai da littafin ya tafi, babu wani da ya maye gurbinsa. Yau waɗanda suka fi sanin ƙofofin ƙauyukanmu su ne ma'aikatan rigakafin shan inna, masu rubutu da alli a bangon zaure. Su ne suka bi gida gida shekara da shekaru har aka tabbatar ƙasar ta rabu da nau'in cutar na asali a 2020, kuma a cikin aikin nasu, da taimakon hotunan tauraron ɗan Adam, aka gano matsugunan da ba sa cikin kowane jerin gwamnati. Wannan ilimin yana ma'aikatar lafiya. A ganina ya kamata a ce yana kan teburin masu tsara hanyoyi ma.

Ko da an ƙirga mutanen garin daidai, ba su kaɗai ne masu hanyar ba. Bayan garin su mahaifiyata akwai unguwanni uku da rugagen Fulani da dama, duk ta wannan rafin suke fita. Matan Fulani da ƙwaryar nono suna bi kullum. Da kaka 'yan ƙwadago suna shigowa daga nesa. Akwai ma'aikatan Zariya da Kaduna da suka sayi gonaki a ciki. Akwai waɗanda suka koma bakin titi amma kowace safiya suna komawa gona. Idan aka tsaya a mashigin rafin ranar kasuwa aka ƙirga masu wucewa, adadin zai ba wanda ya ƙirga rufin gidaje mamaki. Ma'aunin da Bankin Duniya ya fito da shi, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka cikin muradun ci gaba, ya fi kusa da gaskiya: mutum nawa ne ke zaune cikin tazarar kilomita biyu daga hanyar da ke biyuwa rani da damina? Bai ce kwalta ba. Ya ce hanyar da ke biyuwa.

Wannan bambancin yana da muhimmanci, domin a nan mu ma mutanen ƙauye muke kuskure. Duk ɗan siyasar da ya zo, abin da ake roƙo shi ne kwalta, shi kuma ya yi alkawarin kwalta, kowa ya san kuɗinta ba zai fito ba don gari mai gida tamanin, a tashi taro ba a samu komai ba. Alhali a hanyar nan tamu, mafi yawanta lafiya lau take ko da damina, domin jan ƙasa ce mai tsakuwa. Wurare uku ne kacal ke yanke ta: rafin, da wani kwari mai laka da ke riƙe ruwa, da gangaren da zaizaya ta cinye ya zama kwazazzabo. Kwalbati mai kyau a rafin, ciko da marmara a kwarin, lambatu a gangaren, an gama. Injiniyoyin hanya suna cewa babban abokin gabar hanya ruwa ne. Idan aka yi mata doro a tsakiya ruwa na gangarewa gefe, aka share magudanai kafin damina, burji zai yi shekaru yana aiki. Idan aka bar ruwa ya kwanta, ko kwalta ce sai ta farfashe. Kuɗin da za a zuba a kilomita kaɗan na kwalta zai buɗe wa garuruwa da yawa hanya idan aka bi waɗannan wurare masu yankewa ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ita ce kwalbati a tsakiyar daji ba ya ɗaukar hoto, ba a yanka masa kyalle, ba a kiran maroƙa.

To wa ke da alhakin yi? A tsarin ƙasar nan hanyoyi kashi uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma, kuma kashi na ukun shi ne mafi tsawo, shi ne kuma marar gata. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya, amma shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya saura kuma albashi ya lashe. A da kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ayyuka mai gireda da tifa da leburorin hanya. Dattawa suna tuna leburan da ke da yankinsa, da shebur da baro, yana cike rami tun yana ƙarami. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mu a ƙauye ma'aunin da za mu gane hukuncin ya yi aiki da shi ɗaya ne, ranar da muka ga gireda ta shigo bayan damina ba tare da zaɓe ya matso ba.

An sha gwadawa daga sama. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar abinci da hanyoyi da raya karkara, DFRRI, a 1986, aka buɗe hanyoyin burji da yawa a karkara, wasu ƙauyukan a lokacin suka fara ganin mota. Ba a tanadi kuɗin kula da su ba, damina biyar ta mai da yawancinsu yadda suke. Kaduna ce jihar da Bankin Duniya ya fara shirin hanyoyin karkara na RAMP da ita a 2008, aka yi hanyoyi da gadoji da kwalbatoci, kuma inda aikin ya kai an ga canji. Darasin duka biyun ɗaya ne, ginawa ta fi riƙewa sauƙi. Bashi ko tallafi zai gina, amma share lambatu duk shekara sai kuɗin gida da mutumin da aka ɗora wa alhaki da suna.

Duk abin da na faɗa a sama lissafin kuɗi ne. Akwai wanda ba na kuɗi ba. Masana lafiyar mata suna maganar jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ana yawan ɗora na farkon a kan jahilci ko taurin kan maigida. Ni na ga yadda na biyun ke haifar da na farkon. Matar wani ƙanena ta fara naƙuda bayan isha'i, ana ruwa. Ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta. Kowa a gidan ya san asibiti ya kamata a tafi, amma kowa ya san rafi ya kawo, babur ba zai ɗauki mace a wannan halin ba, mota kuma ba za ta shigo ba ko nawa za a biya. Sai aka ce a bari gari ya waye. Da asuba aka ɗora ta a amalanke har bakin rafi, maza huɗu suka tsallaka da ita a kan ƙyauren ɗaki, ruwa iya ƙirji. Allah ya yi da sauran kwananta. Jaririn bai zo da rai ba. A takardar asibiti za a rubuta cewa an makara kawo ta, ba za a rubuta sunan rafin ba. Jijjiga da zubar jini ba sa ba da sa'o'i masu yawa, doguwar naƙuda kuma ita ke barin mata da yoyon fitsari. Jihar ta yi ƙoƙarin samar da cibiyar lafiya a kowace mazaɓa cikin 255, abu ne mai kyau, amma mazaɓar karkara faɗi gare ta, kuma cibiyar da ke hayin rafi a daren Agusta daidai take da wadda ke wata ƙasa.

Haka malamin makaranta. An tura shi garin, yana zaune a bakin titi domin can ne ke da wuta da gidan haya, rabin albashinsa zai tafi a kuɗin babur in ya ce kullum zai zo. Sai ya zo Litinin da Laraba. Yaran da suka gama firamare, sakandare tana garin hakimi. Namiji a saya masa keke. Mace kuwa iyaye su duba nisan dajin su ce ta zauna.

Sannan ga rashin tsaro, wanda ya sake dagula lissafin a yammaci da tsakiyar jihar. A Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Igabi da Kajuru garuruwa da dama sun watse, mutanensu sun tare a manyan garuruwa. Rashin hanya yana cikin abin da ya ba ɓarayin daji dama, domin su a babur suke, jami'an tsaro kuma a mota, kafin a iso an gama ɓarna. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jiha ta hana hawa babur na wata uku, aka katse layukan waya a wasu yankuna, aka dakatar da wasu kasuwannin mako. An yi ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar mai da abinci, kuma na fahimci dalilin. Amma a ƙauyen da babur ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, wannan doka ta nuna ƙarara yadda rayuwar dubban mutane ke rataye a kan abin hawa guda. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 duniya duka ta ji shi. Garuruwan da ke gefen wannan dogon, waɗanda jirgi ke wucewa ta bayan gonakinsu alhali su ba su da hanyar fita kasuwa, ba a cika jin labarinsu ba. Yanzu da wasu ke komawa gida bayan sulhun da aka yi a yankin Birnin Gwari a ƙarshen 2024, idan aka auna su da adadin da suka ragu zuwa gare shi, za a ce ba su cancanci hanya ba, rashin hanyar kuma zai hana sauran dawowa.

Akwai mai cewa, kuma ba maganar banza ba ce, jiha mai faɗin kusan murabba'in kilomita 46,000 ba za ta iya kai hanya kowace bukka ba, gara mutane su tattaru a manyan garuruwa inda za a iya yi musu makaranta da asibiti da wuta. Na yarda ba kowace unguwa za a kai wa titi ba. Amma manomi ba don son wahala ya zauna a ciki ba. Kakanninmu sun fito daga garuruwa masu ganuwa ne da aka samu zaman lafiya, suka bi ƙasa mai kyau da fadama, domin noma yana son mai shi kusa: taki daga turke zuwa gona, tsaron amfani daga dabbobi, sammako kafin rana ta yi zafi. In ka tattara su a bakin titi, gonakin ba za su biyo su ba, hanyar dai za a ci gaba da buƙatarta don fito da hatsin da birni ke ci. Abin da nake ganin ya dace shi ne a daina tambayar garin nan mutum nawa ne, a koma tambayar wannan mashigin mutum nawa yake tarewa, wata nawa a shekara, kuma mene ne mafi ƙarancin aikin da zai buɗe shi. A jera mashigai a kowace mazaɓa bisa wannan, a liƙa jerin a sakatariya kowa ya gani, a riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. A kuma ɗauki matasan garin a ba su ɗan alawus su riƙa kula da yankinsu, kamar leburorin da.

Mutanen garin ba zaune suke suna jira ba. Duk shekara kafin ruwa ya sauka ana aikin gayya, mai unguwa ya sa a yi shela, kowane gida ya ba da namiji ɗaya, a tara duwatsu da buhunan yashi da itatuwa a mashigin, mata su dama kunu. Duk shekara kuma ruwan Agusta yana kwashewa. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne siminti da rodi da wanda ya san girman kwalbatin da zai ɗauki ruwan rafin, domin sun taɓa haɗa kuɗi suka sa ƙarami, ambaliya ɗaya ta tumɓuke shi, har yanzu yana kwance a cikin yashi can ƙasa.

Da na koma bayan sallah, na tarar mai unguwa a zaurensa da littafin makaranta mai layi, jikansa na rubutu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, me ake rubutawa haka?" Ya ce duk lokacin da suka kai kuka sai a tambaye su su nawa ne, su kuwa ba su da amsa sai "muna da yawa". Don haka ya sa a bi gida gida, har unguwannin baya da rugage, a rubuta kowa da sunansa, da masu gona a ciki da ke kwana a waje. Ardo ma ya aiko da nasa. Littafin farko ya cika, suna cikin na biyu. Ya ce in sun gama zai kai wa dagaci ya sa hannu, a haɗa da takardar roƙon kwalbati, kuma ya roƙe ni in na koma Kaduna in buga musu ita a kwamfuta, kwafi uku.